Mita Shidan da Na Hana Mama Upokoina

Shekara ashirin da biyu ina sayar da yadi da zare a Avarua, babban garin tsibirinmu, kuma har yau ban ga macen da ta shigo shagona don yadi kaɗai ba. Wata kujera take so da iskar fanka. Wata so take in ce mata ruwan hodar da ta ɗauko zai zauna da ruwan goro, ni kuwa ba na faɗa, don ba zai zauna ba. Ta fita tana gunaguni, gobe ta dawo ta sayi wanda na nuna mata. Wata kuma ta zo da ɗan ƙyalle kamar kunnen ɓera, wai irinsa sak take nema, uwarta ce ta saya tun tana budurwa. Baƙi 'yan yawon buɗe ido su kuma tivaevae ɗinkakke, wato zanin gadonmu mai furanni, suke tambaya, har da fiddo katin banki. Nakan ce musu ni yadi nake sayarwa. Zanin gadon da mata takwas suka yi wata biyu suna bi da allura ba a kasa shi a shago, kyautarsa ake yi, ko a lulluɓe amarya da shi ko a naɗe mamaci. In an ga dama a ce Moeroa ba ta iya ciniki ba, ni dai shagon yana ci da ni har da jikoki.

Cikin masu shigowa babu wadda nake shakka kamar Mama Upokoina. Ita ce gwanar yanka ta ɓangarenmu, shekararta tamanin da ɗaya, kuma rabin zannuwan da ke cikin akwatunan matan ƙauyen Matavera almakashinta ne ya fitar da furensu, har da nawa na aure. Ɗinki kowa na yi, amma yanka sai ɗaiɗai. Za a naɗe yadin gida huɗu, a zana reshe da ganye a kan gida ɗaya, sannan a bi da almakashi a yanke duka huɗun a tafi guda. In an warware sai ka ga itace guda ya baje, kowane ganye riƙe da ɗan'uwansa. Amma akwai wurare a bakin ninki da ba a taɓawa, su ne ke riƙe da aikin. Almakashi ya kuskura ya ƙetare ɗaya, shi ke nan, yadin ya rabu, sai dai a yi tsumman goge ƙasa.

Da Kirsimeti jikarta Akaiti ta zo hutu daga Auckland, inda take aikin jinya, da labarin an sa ranar aurenta, Asabar ɗin ƙarshen Mayu. Ita ce auta a jikokin, kuma Mama ce ta goye ta. Tare suka shigo shagon. Yarinyar ta sa na sauko da bandir ya fi goma kafin ta dafa wani ja mai haske, ta ce shi take so a kan fari, da ganyen kuru irin na itacen da ke bayan ɗakin girkin kakarta. Har sai da ta sa na yanko mata ɗan ƙyalle ta jefa a jaka. Na auna wa Mama mita shida.

Farkon Fabrairu sai ga Mama, wai in ƙara mata mita shida na jan nan.

"Ina na wancan karon, Mama?"

"Aladen maƙwabcina ne ya tsinke igiya, ya bi ta kansa inda na shanya shi."

"Ja ne fa, ai yana wankuwa."

"Ke mai shago ce ko 'yar sanda? Auna mini."

Na auna mata. Amma na san ruwa ba ya tsami banza, don Mama Upokoina ba ta shanya sabon yadi a inda ko kaza za ta kai, balle alade.

Tsakiyar Maris, wata Asabar dab da sha biyu, ina shirin rufewa, ta sake shigowa da kwandonta a hannu. Ba ta zauna ba, ba ta tambayi jikokina ba. Ta nufi kantar yadi kai tsaye, ta dafa bandir ɗin ruwan ƙasa da ke kusa da jan, ta ce, "Wannan jan. Mita shida."

Matar da ke iya tsayawa a bakin ƙofa ta gaya mini zaren da na jera a can ƙurya ya koɗe, yau ita ce take kiran ruwan ƙasa ja. Na dubi idonta sosai, abin da na daɗe ban yi ba don kunya, sai na ga yana ta yi fari-fari a kan ƙwayar. Na waiwaya na dubi jan na gaskiya. Abin da ya rage a jikin kwalin mita shida ne da ɗan taƙi. Jirgin kaya sai bayan sati biyar, kuma ko ya zo ba lalle a samu irin wannan rinin ba, ja suna ya tara. Biki kuma saura sati goma, takwas daga ciki na masu ɗinki ne.

Na ce, "Ba zan sayar miki ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan sayar ba. Wanda kika dafa ma ba shi ba ne."

Ta janye hannunta kamar ta taɓa tukunyar zafi. "Moeroa, ni kike gaya wa haka? Ni na yanka zanin da aka naɗe uwarki a ciki."

"Na sani, ina wurin. Shi ya sa ba zan ba ki na ƙarshe ki kai wa aladen nan ba. Buɗe kwandon, Mama."

"Rashin kunyarki tun kina tsirara a bakin ruwa yake."

"Haka ne. Buɗe kwandon."

Na je na jawo ƙofa na sa sakata. Da na juyo ta zauna a kujerar da kowa ke zama, kwandon a cinyarta. Ta ɗaga ganyen ayabar da ta rufe shi da shi. Ga su nan, jan yadi mita goma sha biyu, guntu-guntu, ganyen kuru masu kyau amma kowanne zaman kansa yake. Ashe tun Fabrairu take yawo da su duk inda za ta, don kada 'yarta ta gani in tana shara.

Ta ce, "Hannun lafiyarsa lau. Duba, ko rawa ba ya yi. Zanen ma ina yi, hannu ya san hanyarsa. Sai na ɗauki almakashi layin ya zama biyu, in bi wannan ashe wancan ne."

"Kin je asibiti?"

"Sun rubuta sunana. Wai likitan ido sai Agusta zai zo."

"To ki ba Mama Tungane ta yanka mana, ke ki zana."

Da na san abin da zai biyo baya da ban faɗa ba. Mama Tungane ƙawarta ce tun suna makaranta, kuma abokiyar gasarta. Shekara sittin suna zama a benci ɗaya a coci suna kushe hular juna.

"Tungane? Wadda ganyenta ke fitowa kamar tafin agwagwa?" Ta yi tsaki, sai kuma muryarta ta sauka. "Ba wannan ba ne, 'yar nan. Na yanka wa 'ya'yan kowa. Na yanka wa waɗanda ko gaishe ni ba sa yi yanzu. A ce ta ƙarshe, wadda na tauna wa gwaza na sa mata a baki, ita ce za ta kwana a ƙarƙashin yankan wata? Gara in ba ta zanin kanti mai hoton kyanwa."

Tausayinta ya kama ni, kuma haushi ya kama ni, don ni mutum ce da ba ta son abin da ba ta da dabararsa. Don kada in tsaya ina kallonta, na sauko da jan na raba shi biyu, na haɗa tsawon a keken ɗinki yadda ake yi kafin a naɗe, na shimfiɗa a babban tebur. Ta taso tana shafawa. Ko kallonsa ba ta yi, fuskarta na wajen taga, babban yatsanta ne ke bin ɗinkin.

"Kekenki yana tsallake. Nan, da nan. Kuma kin karkace kamar rabin farce daga nan zuwa can."

Na sunkuya na duba da tabarau. Haka ne, tsallake biyu da 'yar karkata. Har na buɗe baki in kare kekena, sai wata dabara ta faɗo mini.

"Mama, da yatsa kika ga wannan?"

"Da me zan gani, da gwiwa?"

"In na bi zanenki da zare mai kauri, irin na saƙa, za ki iya bin sa da yatsa kina yanka?"

Can ta ce, "Ba a taɓa yin haka ba."

"Ba a taɓa hana ki yadi ba ma, yau ga shi an yi."

Ba ta yi dariya ba, amma ta miƙo hannu ta ce in ba ta alli.

Muka naɗe yadin gida huɗu, na danne shi da duwatsun da nake tokare ƙofa da su. Ta tsaya a kansa ta ɗan yi addu'a, sannan ta fara. Ban taɓa ganin tana zane kusa haka ba, don ba ta yarda a tsaya mata a ka. Allin bai ɗaga ba sai da ya kai ƙarshen reshe. Ganye bakwai, 'ya'yan kuru uku, kowanne da nasa karkatar, kuma rabin lokacin idonta a rufe yake. Ni kuma na ɗauki babbar allura da farin zaren saƙa na bi layin ta ciki, ina huda gida huɗun gaba ɗaya, taki kusa da taki. Duk inda layi ya zo bakin ninki, wurin da ba a taɓawa, na yi ƙulli biyu manya kamar ƙwayar masara. Muka yi alkawari: in yatsa ya ji ƙulli, almakashi ya tsaya.

Wannan aiki ya cinye mana yinin. Mijina Nooroa ya zo ɗaukata a babur, na leƙa ta taga na ce ya je ya dawo da kifi da rogo na mutum biyu, kada ya tambaye ni komai. Da yake shekara talatin muna tare, bai tambaya ba. Rana ta yi sanyi kafin in yi ƙullin ƙarshe, yatsuna duk sun yi tsami. Mama ta so ta yanka a take, na ce a'a, haske ya tafi kuma ta gaji. Gobe kuwa Lahadi, ba mai taɓa almakashi a tsibirin nan ran Lahadi sai wanda ya shirya shiga bakin mutane. Dole muka bar shi sai Litinin.

A coci ina hango ta a bencinta, farar hula a kai, tana waƙa da ƙarfi kamar kullum, amma yatsanta na ta bin gefen littafin waƙar yana komowa. Ni kaina ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba.

Ran Litinin ƙarfe takwas ta sauko daga bas da almakashinta a naɗe cikin tsohon ƙyalle. Tun da na buɗe shagon ban taɓa rufe shi ran Litinin ba, ranar na rufe. Na jawo teburin bakin taga, na kashe fanka don kada iska ta ɗaga gefen yadin.

Ta ce, "Sharaɗi ɗaya. Ba na son in ji bakinki. Ko kin ga zan yanke yatsana, ki yi shiru."

"In na ga za ki ƙetare fa?"

"In kin yi magana ke kika yanka, ba ni ba."

Ba ta kai ga sa almakashin ba aka buga ƙofa. Na leƙa ta labule, sai ga Mama Tungane da lemarta da kambun furanni a ka.

"Moeroa! Mutuwa aka yi? Zare nake so, kore, lamba takwas."

"An rufe, Mama. Sai gobe."

"An rufe, kuma ga takalman Upokoina a bakin ƙofa? Ko su ma yadi suka zo saya?"

Daga bayana Mama Upokoina ta ɗaga murya, "Ki ce mata ta tafi ta yi wa agwaginta wanka."

Na zaci za a yi ta. Sai Mama Tungane ta matso da bakinta jikin taga, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "Tun Janairu Upokoina take gaishe da fasto da sunan mai gadin makaranta. Kin zaci ni ma makancewa na yi? Miƙo mini kujera."

Na miƙa mata ta ƙofar baya. Ta dasa ta a bakin shagon, ta buɗe lema ta zauna. Duk wadda ta nufo sai in ji tana cewa, "Feshin kyankyasai ake yi, 'yata, wuce, kada ya shiga miki ƙirji." Har wata Baturiya ta kora da hannu. A raina na ce shagona mai tsabta yau an ɓata masa suna, amma ban ji zafi ba.

A ciki kuwa ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na almakashi. Yatsan hagu na gaba yana lalube, bakin ƙarfe na biye da shi kamar ɗan kwikwiyo. Ta gama ganyen farko, ta zagaye ɗan kuru, ta zo ƙullin farko ta tsaya cak, ta juya. Na saki numfashi. Na biyu haka, na uku haka. Gumi na bin wuyanta, ni kuma na damƙe gefen teburin har farcena ya yi fari.

A ganye na shida ne hannunta ya saba, ta fara sauri irin na da. Ina gani yatsan ya zame ya bi ta gefen ƙullin bai taɓa shi ba, almakashin ya buɗe baki a kan ninkin da ke riƙe da tsakiyar itacen gaba ɗaya. Ihu ya taso mini har maƙogwaro. Ni da ban taɓa haɗiye magana ba tun da aka haife ni, ranar na cusa gefen rigata a baki na ciza. Almakashin ya tsaya a buɗe. Ta ɗan karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa, ta mayar da yatsan baya a hankali, ta laluba, ta laluba, har ya hau kan ƙullin. Ta zare ƙarfen.

Ta ce, "Na ji kin daina numfashi."

"Ai ban yi magana ba."

"Ba ki yi ba. Allah ya yi miki albarka."

Sha ɗaya saura ta ajiye almakashin. Na zare farin zaren kaf, muka shimfiɗa farin yadi a ƙasa, muka ɗora jan a tsakiya. Ta kama gefe na kama gefe, muka buɗe ninkin farko, muka buɗe na biyu. Ya tafi gaba ɗaya, bai rabu ba. Itacen kuru ya cika tsakar shagona, ganye ashirin da takwas riƙe da juna.

Ta durƙusa, da tsufanta da komai, tana bin sa da tafin hannu. "Gaya mini gaskiya. Ke ce ba kya yi wa mutum kara."

"Akwai ganye ɗaya da bakinsa ya dakushe. Tunda gida huɗu ne, huɗu ke nan."

"Na ji shi tun ina yanka. Sauran fa?"

"Sauran ya fi nawa na aure, kuma zan riƙe ki da wannan."

Sai a lokacin ta yi dariya. Ta ce in buɗe wa waccan tsohuwar kafin rana ta narkar da ita. Mama Tungane ta shigo, ta zagaye shi sau biyu tana dogara lema, ta tsaya a kan ganyen da ya dakushe ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Hm. Ba laifi. Gobe a gidana za a fara, na fi ki inuwa. Moeroa, jan zare ƙulli goma, kuma kada ki ba ni mai tsinkewa."

Sati bakwai da kwana huɗu suka yi a kansa, su takwas, kuma ban ji ko mutum ɗaya a tsibirin ya yi zancen zaren saƙa ba.

Ranar bikin, bayan an ci an sha a babban zauren coci, aka zaunar da ango da amarya a kujeru biyu a tsakiya, dangin amarya suka fara fito da zannuwa ɗaya bayan ɗaya ana buɗewa ana guɗa. Na Mama aka bari a ƙarshe. Tana zaune a layin gaba, ta sa an ajiye mini kujera kusa da ita, wai don in riƙe mata jaka. Mata huɗu suka kama kusurwa huɗu suka ɗaga shi sama, zauren ya ɗauki sowa, sannan suka zagaya suka lulluɓa wa Akaiti da mijinta a kafaɗa. Taku goma ne tsakaninmu da su, ba su fi ba.

Mama ta matso da kanta kusa da nawa, fuskarta na wajen amarya, tana murmushi yadda kowa zai ce kallo take.

Ta ce a hankali, "Moeroa, jan kawai nake gani. Me take yi?"

"Ta kama gefensa ta rufe fuskarta."

"Kuka take?"

"Kuka take, Mama. Duk ta ɓata kwalliyar. Ga ta nan ta taso, wajenki ta nufo."

Ta ƙwace jakarta daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta gyara zaman hularta, ta buɗe hannuwa biyu tun yarinyar ba ta iso ba.